Ranar sauyin fasinja ba ranar gatan baƙo ba ce

Babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ba ya kwana a tasharsa. Duk daren da ya yi a ɗaure asara ce ga masu shi, shi ya sa aka tsara masa ya shigo da asuba, ya fita kafin magariba. Ga misalin Icon of the Seas, wanda ya fara jigila daga Miami ta ƙasar Amurka a watan Janairun 2024. Ɗakunan kwanansa 2,805 ne, idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Mako-mako yake dawowa Miami ya juye wannan jama'a, ya kwashi wata kamarta, ya koma teku. A cikin yini guda za a sauke akwatunan masu tafiya, a loda na masu zuwa, a kwashe shara, a shigo da abincin mako guda, a yaye zanen kowane gado a shimfiɗa sabo. Wannan ita ce ranar sauyin fasinja, kuma duk ma'aikacin jirgin da ka tambaya zai gaya maka babu ranar da ta kai ta wuya.

Akwai 'yan tsirarun fasinjoji da wannan rana ba ta raba su da jirgi. Su ne waɗanda suka sayi tafiya biyu a jere, ko uku, ko fiye da haka. Jirgi zai dawo tasha, jama'a su watse, su kuwa suna nan, da yamma su sake fita da shi. Abin da suka fi yabawa shi ne 'yan sa'o'in nan na hantsi da jirgi ke zama wayam: babu layi a wurin cin abinci, babu turereniya a wurin iyo, kujera sai wadda ka zaɓa. Abin da suka fi kuka da shi kuma shi ne jiran jami'an shige da fice, da raguwar hidima a wannan safiya. A ganina sun ɗauki lamarin ta bai-bai. Wanda ya zauna a jirgi ranar sauyi shi kaɗai ne baƙon da ke ganin mutanen da hutunsa yake kan wuyansu, a lokacin da aiki ya fi ƙarfin murmushi. Wannan gani yana ɗora masa haƙƙi, kuma mafi ƙanƙantar haƙƙin shi ne kada ya zama ƙarin kaya a kansu.

Na shiga wannan sahu ne ta dalilin 'yarmu da ke aikin jinya a jihar Florida. Ita ta biya mana, ni da mahaifiyarta, tafiya biyu a jere daga Miami zuwa tsibiran Karibiyan, a wani jirgi da bai kai Icon of the Seas girma ba. Hujjarta ita ce tunda mun sha doguwar hanya daga Kano, bai kamata a ce mako guda kawai muka yi a kan ruwa ba. Ana gab da ƙarshen tafiyar farko aka zuro mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ɗauke da wurin da za mu hallara da lokaci, da abin da za mu riƙe: fasfo da tsohon katin ɗaki. A daren ƙarshe kowa ya fito da akwatinsa bakin ƙofa da alama mai launi a jiki, lungunan jirgi suka cika da kaya har da ƙyar ake wucewa. Ƙofarmu ce kaɗai a layinmu babu komai a gabanta.

Da safe aka yi ta kiran launuka ta lasifika, rukuni-rukuni suna sauka. Mu kuma aka tara mu a wani zaure aka ce mu jira. Dokar Amurka ce ta kawo wannan jira. Hukumar kwastan da tsaron kan iyaka ta ƙasar tana ɗaukar jirgin da ya dawo daga wata ƙasa a matsayin sabuwar shigowa, saboda haka sai an tantance duk wanda ke ciki, lissafin fasinja ya koma sifili, kafin a bar sabon mutum ko ɗaya ya taka jirgin. Mu masu ci gaba da tafiya mu ne na ƙarshe. Sai an tabbatar babu sauran mai sauka da ya maƙale a ɗaki ko a wurin karin kumallo, sannan wani jami'in jirgi ya ja mu a ayari zuwa cikin ginin tasha, a duba fuska da fasfo, a ba mu sabon kati, mu juyo. A yawancin tashoshin Turai, irin su Barcelona da Civitavecchia da ke kusa da birnin Rum, abin ya fi haka sauƙi. Sau da yawa katinka kawai za a sauya maka, ka zauna abinka ko ka fita gari kamar kowace rana.

Jiranmu ya ɗan yi tsawo, don wasu masu sauka sun yi nawa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya yi ta faɗa da wata yarinya ma'aikaciya mai riƙe da takardar sunaye, yana cewa shi tsohon abokin cinikin kamfanin ne, bai biya kuɗinsa don a tsare shi kamar mai laifi ba. Yarinyar ba ta da iko a kan jami'an gwamnati, ba ta da iko a kan waɗanda suka ƙi fitowa daga ɗakunansu, kuma tun kafin asuba take tsaye. Haƙuri kawai take ta ba shi. Muna zaune a kan kujeru masu laushi, ga sanyin na'ura, ga shayi da kofi an ajiye mana. Ban ga abin faɗa a nan ba. Ƙidayar da ake yi ma amfaninmu ce: jirgin da bai san adadin rayukan da ke cikinsa ba, ranar da wuta ta tashi bai san wanda zai nema ba.

Da muka dawo ciki ne na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Jirgin da na sani mako guda da kiɗa da ƙamshi da fara'a ya koma wurin aiki tsantsa. An tokare ƙofar kowane ɗaki a buɗe. Amalanken zannuwa da tawul sun jeru a lungu, buhunan wanki sun yi tsibi, ƙarar injin shara na tashi ta ko'ina. Ta tagar bene kuma kana hango motocin ɗaga kaya a bakin tasha suna kai da komo, suna cusa kwalayen kayan lambu da nama da fulawa da ruwan sha ta wata ƙofa a gefen jirgi. A can ƙasa akwai wata doguwar hanya da ta ratsa jirgi daga kai zuwa gindi, wadda baƙi ba sa gani. A jirage da yawa ma'aikata suna kiran ta I-95, sunan babbar hanyar motar da ta bi gabar gabashin Amurka. Ta nan komai ke bi a wannan rana, kaya da shara da mutane.

Mai gyara ɗakinmu mutumin Indunusiya ne, Musulmi, wanda tun ranar farko da ya ga darduma ya riƙa nuna mana inda alƙibla ta koma duk lokacin da jirgi ya juya. Ya gaya mini ɗakuna sama da ashirin ne a hannunsa. A daren jajibiri yana cikin masu jan akwatuna zuwa ƙasa har dare ya raba, da asuba kuma ya tashi. Dole kowane ɗaki ya zama kamar ba a taɓa kwana a cikinsa ba kafin azahar ta gota: a sauya shimfiɗa, a wanke banɗaki, a goge baranda, a raba gadon da aka haɗe ko a haɗe wanda aka raba gwargwadon buƙatar masu zuwa, a duba ko an manta wani abu a aljihun tebur. Yana gama wannan, akwatunan sababbin baƙi sun fara hawowa, shi ne kuma zai kai su ƙofa-ƙofa, sannan ya bi ɗaki-ɗaki yana gabatar da kansa da fuska a sake kamar yanzu ya tashi daga barci.

Akwai kuma wani saurayi ɗan Zangon Kumasi da ke cikin masu share wuraren taruwar jama'a. Ya ji muna Hausa ni da uwargida a makon farko, daga nan kullum sai ya nemo mu ya gaishe mu. Ran nan na hango shi yana tura amalanke cike da akwatuna, riga ta jiƙe sharkaf.

"Baba, a gafarce ni, yau gaisuwar a tsaye ce," in ji shi.

"Ba komai, ɗana. Ka dai karya kuwa?"

"Sai an gama lodi, Baba. A gaida Hajiya."

Daga baya ya shaida mini cewa ya daɗe yana son ya fita garin ya sayi 'yan kayan buƙata ya aika wa mahaifiyarsa saƙo, amma tashar da ta fi kowace kantuna masu sauƙi ita ce tashar sauyi, ranar da jirgi ke tsayawa a cikinta kuwa ita ce ranar da ba ya iya ɗaga ƙafa. Yana ganin Miami ta taga mako bayan mako.

Duk wanda ya taɓa wayar gari a gidan biki bayan baƙi sun watse ya san irin wannan safiya. Tukwane sun taru, tsakar gida ta yi kaca-kaca, matan gida idanunsu sun yi ja don rashin barci. Baƙon da ya san ya kamata ba ya cewa a dama masa kunu na musamman. Naɗe tabarmarsa yake yi ya koma gefe. Bambancin shi ne a gida idan an gama wanke-wanke kowa zai miƙe ƙafa, a jirgi kuwa da tsakar rana wani bikin zai soma, kuma haka za a yi ta yi har kwantiragin mutum ya ƙare.

Kwantiragin ƙananan ma'aikata yakan kai wata shida zuwa tara, kuma a tsawon wannan lokaci babu ranar hutu cikakkiya, sai dai sa'o'in hutu. Dokar da ke kare su ita ce Yarjejeniyar Ƙwadagon Ma'aikatan Ruwa ta 2006, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta samar, ta fara aiki a watan Agustan 2013. Najeriya ta amince da ita a wannan shekarar, Amurka kuwa ba ta cikin ƙasashen da suka amince. Yarjejeniyar ta ce kada hutun ma'aikaci ya gaza awa 10 a cikin kowace awa 24, kada kuma ya gaza awa 77 a mako. Mako yana da awa 168. Idan ka cire 77, saura 91. Ma'ana, mutum zai iya yin aikin awa 91 a mako ba tare da an karya doka ba. An kuma yarda a raba hutun yini gida biyu, muddin ɗaya ya kai awa 6. To a cikin waɗannan sa'o'i ne zai yi barci, ya ci abinci, ya yi wanki, ya yi ibada, ya kira gida. Yawancin manyan jiragen nan tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗauke da ita, ko da kuwa ofisoshin kamfanonin suna Miami, saboda haka dokokin albashi na ƙasar da baƙi suka fito ba su hau kan ma'aikatan ba.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ba wanda ya tilasta musu. Mutanen Filifin da Indunusiya da Indiya suna rububin wannan aiki ne saboda abin da suke samu ya ninka abin da za su samu a gida, kwana da ci kyauta ne, da yawansu sun gina gidaje sun ilimantar da ƙanne. Haka ne, kuma saurayin Kumasi da kansa ya ce mini ba ya fatan ya rasa aikin. Za a kuma ce fasinja kuɗinsa ya biya, ranar sauyi ma tana cikin lissafin da aka caje shi, don me zai sassauta? Amsata ita ce, buƙatar mutum ga aiki ba ta halatta a matse shi har iyakar da doka ta tsaya. Kuɗin da fasinja ya biya kuma ɗaki da abinci da tafiya ya saya. Bai sayi ikon ƙara wa gajiyayye gajiya a kan abin da zai iya jira zuwa gobe ba. Abin da ake nema daga gare shi bai taka kara ya karya ba: ya ce wa mai gyara ɗaki yau ka bar nawa, ya ci abin da aka tanada a inda aka buɗe, ya bar lif ga masu jan kaya idan ƙafarsa na iya hawa bene.

Nauyi mafi girma dai yana kan kamfanoni, kuma a nan ne nake da ƙorafi na gaske. Wasu daga cikinsu suna sayar da damar shiga jirgi da wuri, har an taɓa haɗawa da alkawarin za ka tarar da ɗakinka a gyare kafin na kowa. Wannan sa'a da aka sayar, daga ina aka yanko ta? Daga lokacin mai gyara ɗaki. Bayan annobar korona kuma manyan kamfanoni da dama sun rage gyaran ɗaki daga sau biyu a yini zuwa sau ɗaya, abin da a takarda ya yi kama da sauƙi. Mutumin Indunusiya ya ce mini a wurinsa abin da ya biyo baya shi ne ƙarin ɗakuna. A ranakun teku ana iya lallaɓawa, amma ranar sauyi kowane ɗaki cikakken aiki yake so, kuma agogo bai ƙaru ba. Kamfanin da ke iya gina jirgi mai bene ashirin ba zai gaza ɗauko ƙarin hannu daga gari na yini guda ba, ko ya tsara fita bi da bi yadda kowane ma'aikaci zai taka ƙasa a tashar sauyi lokaci-lokaci. A shekarar 2025 an yi wa yarjejeniyar nan ta 2006 gyaran da ya ƙarfafa haƙƙin ma'aikacin ruwa na sauka gari idan jirgi ya tsaya. Gyara ne mai kyau, amma izinin fita ba shi da amfani ga wanda jadawalin aikinsa bai bar masa ko awa guda ba.

Kada mu manta da yadda aka ga matsayin waɗannan mutane a 2020. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta dakatar da zirga-zirgar jiragen shaƙatawa a ranar 14 ga Maris na shekarar, an yi ta fafutuka aka mayar da fasinjoji gidajensu cikin makonni. Dubban ma'aikata kuwa sun yi watanni a cikin jiragen da ke tsaye a teku, ƙasashe sun rufe musu ƙofa. Zuwa watan Satumba Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta ƙiyasta ma'aikatan ruwa kusan 400,000 ne suka maƙale a jirage iri-iri bayan kwantiraginsu ya ƙare. Mu da muke zama a jirgi don ganin dama ya kamata mu riƙa tuna waɗanda suka zauna don babu mafita.

Wani abu kuma da masu tafiya a jere ke gunaguni a kai shi ne maimaita atisayen ceto. Sun yi a makon jiya, sun san inda kwale-kwalensu yake, me ya sa za a sake kiransu? Ga dalilin. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gefen tsibirin Giglio na Italiya, 'yan sa'o'i bayan ya tashi daga Civitavecchia. Mutum 32 suka mutu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a wannan rana ba a riga an yi musu atisaye ba, domin dokar lokacin ta ba da sararin awa 24. Bayan wannan masifa aka gyara dokar kare rayuka a teku, daga 1 ga Janairun 2015 ya zama wajibi a yi wa sababbin fasinjoji atisaye kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Yanzu ma an sauƙaƙa shi a jirage da yawa: ka kalli bayani a waya ko talabijin na ɗaki, ka je wurin taruwarka a duba katinka. Idan ka sauya ɗaki, wataƙila wurin taruwarka ma ya sauya. Kuma duk wanda ya ƙi zuwa, wani ma'aikaci ne zai bar aikinsa ya tafi nemansa.

Haka batun tsafta. Tun 1975 hukumar lafiya ta Amurka ke da shirin binciken tsaftar jirage, masu bincike suna hawa ba sanarwa, jirgin da ya samu ƙasa da maki 86 cikin 100 ya faɗi. Cutar amai da gudawa da ƙwayar norovirus ke jawowa tana yaɗuwa da sauri a inda mutane suka cunkushe, kuma idan ta ɓulla a wata tafiya, ranar sauyi ce kaɗai damar da za a feshe jirgi a goge kowane marikin ƙofa kafin sababbin baƙi su shigo. A irin wannan hali akan nemi masu zama su ma su fita na wasu sa'o'i. Wanda ya ji haushin haka ya tuna cewa shi ne mutumin da ya fi kowa iya ɗauko cutar makon jiya ya kai wa mutanen makon gobe.

Akwai waɗanda suka mayar da wannan zama rayuwa. Mario Salcedo, ɗan asalin Kyuba mazaunin Miami, ya shafe sama da shekara 20 yana bin jiragen Royal Caribbean tafiya bayan tafiya, har jaridu suka san shi. Ba na ganin laifin mai irin wannan zaɓi, dukiyarsa ce. Sai dai duk wanda ya daɗe haka a jirgi ba shi da uzurin cewa bai san yadda ake yi ba.

Sai maganar tukuici. Kamfanoni da yawa suna ɗora wa kowane fasinja wani kuɗi a kullum, a 'yan shekarun nan tsakanin dala 16 zuwa 20, wanda ake rabawa masu hidima, har da waɗanda ba ka taɓa gani ba a ɗakin girki da ɗakin wanki. A daren ƙarshe na ga layin mutane a teburin karɓar baƙi suna neman a cire musu wannan kuɗi. Abin ya ɓata mini rai. Tsarin kansa yana da aibi, domin kamata ya yi kamfani ya biya cikakken albashi ya sa shi cikin kuɗin tikiti, ba ya rataya abincin ma'aikaci a kan ganin damar baƙo ba. Amma kafin a gyara, wanda ya cire ba kamfani ya hukunta ba. Mai tafiya a jere kuma ya sani cewa ranar sauyi ita ce ranar da ma'aikatan da kwantiraginsu ya ƙare ke sauka, wasu su hau. Idan kana da niyyar yi wa wani alheri, ka yi a ƙarshen tafiyar farko, don kana iya dawowa daga wurin jami'an shige da fice ka tarar ya kama hanyar filin jirgin sama.

Wani zai ce ina ruwan mai karatu a Kano ko Maraɗi da wannan? Harkar ta matso kusa. Tun watan Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da jirginta na shaƙatawa mai suna AROYA daga Jidda, kuma 'ya'yanmu da ke Turai da Amurka sun fara kai iyayensu irin wannan tafiya, kamar yadda aka kai mu. Matasanmu ma suna neman aikin ruwa. Wanda zai sayi tafiya biyu a jere daga tashar Amurka ya fara duba bizarsa, domin kowace dawowa shigowa ce, kuma a watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku. Dokokin nan suna ta sauyawa, a tambaya kafin a biya. Akwai kuma wata tsohuwar dokar Amurka ta 1886 da ta hana jirgi mai tutar waje ɗaukar fasinja daga wata tashar Amurka ya sauke shi a wata, sai in ya biya ta wata ƙasa mai nisa. Ana lissafa tafiye-tafiyen da ka jera a matsayin tafiya ɗaya. Idan ka hau a Seward ta Alaska zuwa Vancouver ta Kanada, ka zarce da jirgin zuwa Los Angeles, ka faɗa cikin haramcin, ko da yake kowace tafiya ita kaɗai halal ce.

In Allah ya kai ka, ka yi ƙoƙari ka kama ɗaki ɗaya a tafiyoyin biyu, don sauya ɗaki yana nufin wani zai bar aikinsa ya kwashe maka kaya. In sauyin ya zama dole, ka haɗa kayanka da kanka tun dare. Ka je wurin taruwa a kan lokaci, kada a yi ta kiran sunanka. Ka gaya wa mai gyara ɗakinka tun jajibiri cewa naka ya jira zuwa gobe. Kada ka cire kuɗin tukuici. Idan kuma takardar jin ra'ayi ta iso bayan tafiya, ka rubuta sunayen waɗanda suka yi maka hidima, domin kamfanoni suna duba wannan wajen ƙarin girma, sannan ka rubuta ƙarara cewa kana so a ƙara musu hannu ranar sauyi, a kuma bar su su taka ƙasa.